Mu Sa Hannu A Asusun Binciken Aikin Bishara A Ƙauyukanmu

Jawabin kwamitin agaji ga 'yan'uwa na Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni

Mun gode da irin hannun da kuke miƙawa kullum, na hatsi da tufafi da kuɗin magani. Yau mun zo da wani roƙo dabam. Muna so mu buɗe asusu domin binciken yadda aikin bishara da na agaji yake tafiya a tsakanin 'yan'uwanmu Hausawa Kirista na karkara, waɗanda aka fi sani da Maguzawa, ko da yake da yawansu sun fi son a kira su Masihiyawa.

Mun san wani zai tambaya: yaya za a kashe kuɗi a kan takarda alhali akwai masu jin yunwa? Tambaya ce mai kyau. Amsarmu ita ce, agajin da aka yi ba tare da sanin halin mutane ba yakan faɗi inda ba a bukatarsa. Ana iya haƙa rijiya inda makaranta ake nema, ko a tura mai bishara ƙauye ba tare da gona ko ɗakin kwana ba, bayan damina ɗaya ya tattara nasa ya nasa ya koma birni. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wannan bincike hanya ce ta tambayar mai ɗakin.

Aikin nan yana da dogon tarihi. A 1900 Bishop Tugwell da Likita Miller na mishan CMS sun iso Kano, amma Sarki Alu bai yarda su zauna ba. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932. A shekarun 1930 ne mishan SIM ta sami izinin shiga ƙasar Kano, ta kama aikin jinyar kutare, sannan ta buɗe asibitin ido na Sabon Gari a 1943. A 1954 aka kafa ECWA. Yau akwai majami'u a ƙauyukan Sumaila da Tudun Wada da Rogo da Ƙaraye, har zuwa Malumfashi a Jihar Katsina.

To, wa ya rubuta labarinsu? Joseph Greenberg, mutumin Amurka, ya zauna da Maguzawan Kano a 1938 zuwa 1939, littafinsa ya fito a 1946. Murray Last ya yi nazarin yadda suke neman magani a wajen Malumfashi. A 2014 Shobana Shankar ta fitar da littafi kan mafarin Kiristanci a Arewa. Mun gode musu, amma duk da Turanci suka rubuta, a ƙasashen waje kuma aka buga. Takardun CMS suna Jami'ar Birmingham a Ingila, na SIM suna Amurka, na gwamnatin mulkin mallaka suna gidan adana tarihi na Kaduna. Dattijon da ya gina majami'ar ƙauyensu da hannunsa bai taɓa ganin ko shafi ɗaya ba. Dattawan nan kuwa suna ta rasuwa, kowa na tafiya da abin da ya sani.

Me ya sa muka fara da ku? Domin yawancinmu daga ƙauyukan nan muka fito. Idan ciwo ya kawo ɗan'uwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke nan titin Zariya, a gidajenku masu jinyarsa suke sauka. A cikinku akwai ma'aikatan jinya da malaman makaranta da ɗaliban Jami'ar Bayero, masu jin harshen mutanen, masu sanin hanya. Su muke so su yi aikin.

Ga abin da kuɗin zai biya: kuɗin mota da na abinci, na'urar ɗaukar murya, ɗan alheri ga masu bincike, horo daga malaman da suka san aikin, da buga sakamako da Hausa. Tambayoyin kuwa su ne: Yara nawa ne ke makaranta, musamman 'yan mata? Ina mace take haihuwa? Da me mai bishara yake ciyar da iyalinsa? Wa ya kawo bishara ƙauyen, a wace shekara? Yaya zama yake tsakaninsu da maƙwabtansu Musulmi da masu bin al'adar gargajiya?

Mun ɗauki alkawari huɗu. Ba za a shiga ƙauye ba sai an gai da dagaci da mai unguwa an nemi izini. Ba za a rubuta sunan kowa ba sai da yardarsa. Mata ne za su yi hira da mata. Sakamakon kuma a majami'ar ƙauyen za a fara karanta shi, su gyara abin da ba daidai ba, kafin ya kai hannun wani mai ba da taimako. Lissafin kowace naira zai fito a wannan takarda.

Akwai ƙungiyoyin waje da ke tallafa wa irin wannan aiki, za mu kuma rubuta musu. Sai dai wanda ya biya kuɗi yakan zaɓi tambaya. Shi ya sa muke so kuɗin farko ya fito daga aljihunmu. Mai kuɗi ya ga ma'ajin kwamiti bayan taro. Mai mota, ko mai tsohon hoto, ko katin baftisma na kakansa, ko mai sanin wani dattijo da ya kamata a fara ziyarta, ya rubuta sunansa wajen magatakarda. Muna so a fara da kaka, lokacin da manoma suka sami sarari, hanya kuma ta bushe.

Ubangiji ya sa albarka, ya mai da kowa gida lafiya. Amin.