Takarda Tana Rumbu, Me Ya Hana Ta Fitowa?

Jawabin da wakilin kwamitin na'ura ya karanta a taron ɗaliban ƙasar Gumel na ƙarshen zango



An umurce mu da mu tsaya gabanku yau mu ba da bayanin aikin da kuka ɗora mana bara, watau ajiye takardun ƙungiya cikin na'ura, yadda kowane ɗalibi zai iya ɗaukar tasa ta intanet, ko yana Gumel, ko Maigatari, ko Gagarawa, ko Sule Tankarkar. Takardun kuwa kun san su: shaidar zama ɗan ƙungiya, da wasiƙun gabatarwa na masu neman taimakon karatu, da rahotannin taro. Alhamdu lillahi aiki ya kankama. Amma kafin ya kankama mun sha wuya, kuma a ganinmu abin da wuyar ta koya mana ya cancanci ku ji shi.

Makonni kaɗan da buɗe shafin, wani ɗan'uwanmu ya biya kuɗin mota daga ƙauyensu a Sule Tankarkar, ya zo Gumel don ya buga wasiƙarsa, saura kwana biyu a rufe karɓar takardu. Mai shago ya danna, sai allo ya cika da haruffa barkatai, babu kai babu gindi. Mai shago ya ce, "Matsalar sabis ce, ka dawo gobe." Ya koma gida, kashegari ya sake biyan mota, abin bai sake zani ba. Alhali kuwa sabis lafiya lau yake, burauza ma ba ta yi laifin kome ba. Laifin namu ne, mu da muka rubuta manhajar.

Domin a gane yadda haka ta faru, sai mu tuna da kasuwar Maigatari ran Alhamis. Ɗan kasuwa ba ya zuba hatsi tsuransa cikin mota. Sai ya ɗura a buhu, ya ɗinke, ya rubuta sunan mai shi a jiki, ya gaya wa direba abin da ke ciki da buhu nawa ne. To, takardar da aka ajiye cikin rumbun bayanai kamar hatsi take a rumbu: ba ta da buhu, ba ta da suna, tarin lambobi ce kurum. Aikin manhaja ne ta ɗebo ta, ta rubuta waɗansu 'yan layuka na bayani a gabanta, sa'an nan ta aika. Burauza kuwa waɗannan layuka take fara karantawa, da su take sanin abin da za ta yi da kayan. Kusan dukkan wahalarmu daga rumbun ta fito, ko daga wannan rubutu na jikin buhu.

Kuskure na farko shi ne wanda ya sami ɗan'uwan nan namu. Akwai layin da ake kira Content-Type, wanda yake faɗin irin kayan da aka aiko. Mun manta da shi, sai harshen PHP da muka yi aiki da shi ya sa nasa na al'ada, watau ya ce shafin karatu ne. Burauza ta gaskata, ta shimfiɗa cikin takardar a allo kamar rubutu. Da mun lura, da tun ran nan mun gane, gama haruffan farko na wannan shirme su ne %PDF, kuma da su kowace takardar PDF take farawa. Ashe takarda ta iso lafiya, sunan da aka kira ta da shi ne ba nata ba. Layi ɗaya tak muka ƙara, mai cewa application/pdf, magana ta ƙare.

Kuskure na biyu ya fi ba mu wuya. Gajerun wasiƙu suna buɗewa, amma duk wadda ke da hoto da hatimi sai a ce ta lalace. Muka zargi Chrome, muka koma Firefox, duk kanwar ja ce. Nan muka koyi ƙa'ida ta farko: in abu ya ƙi a kowace burauza, to, a daina zargin burauza. Sai wata 'yar'uwarmu cikin kwamiti ta ce a auna nauyin takardun da suka lalace. Da muka auna, sai ga kowace bayit 65,535 daidai, ba ƙari ba ragi. Ruwa ba ya tsami banza. Rumbunmu na MySQL ne, kuma gurbin da muka zaɓa, mai suna BLOB, iyakar abin da yake ɗauka ke nan. Yadda aka saita rumbun, duk abin da ya haura sai a datse shi ba tare da aiki ya tsaya ba. Takardar PDF kuwa a ƙarshenta take ajiye jadawalin da ke nuna inda kowane sashe yake, saboda haka in an yanke wutsiya, jikin ma ya tashi aiki. Muka koma gurbin MEDIUMBLOB, mai ɗaukar kimanin megabayit 16. Amma abin da aka datse ya tafi ke nan, tilas muka bi masu takardu ɗaya bayan ɗaya muka sake ɗaukar hotonsu.

Na uku ya shafi harshenmu. Layin da ake kira Content-Disposition shi ke gaya wa burauza ko ta nuna takarda a allo ko ta ajiye ta, da sunan da za ta ba ta. Da muka sa wa wata suna "Rahoton Ƙungiya", sai ta sauka a wayoyi da waɗansu alamu a madadin Ƙ. Dalili kuwa, waɗanda suka tsara waɗannan layuka tun farko haruffan Turai kaɗai suka yi wa tanadi. Sai a 2010 da 2011 aka fitar da ƙa'idojin da suka daidaita hanyar rubuta suna da tsarin UTF-8, wanda ya ƙunshi ɓ da ɗ da ƙ. Waɗansu cikinmu sun ce a zubar da lanƙwasa a huta. Muka ƙi, domin wanda ya mai da ƙasa kasa don na'ura ta ji daɗi ya bar gyara ya kama ɓarna. Yanzu suna biyu muke aikawa, mai lanƙwasa domin burauzar zamani, da marar lanƙwasa domin tsohuwa.

Kada a ɗauka burauza ba ta taɓa yin laifi. Internet Explorer, har zuwa fitowa ta 8, takan ƙi sauke takarda ta amintacciyar hanya muddin an umurce ta kada ta ajiye kwafi, abin da ya wahal da masu manhaja a duniya shekara da shekaru. Kamfanin Microsoft ya yi mata ritaya a 2022. Namu na yau daban ne. Wanda ya danna adireshi daga cikin Facebook, ƙaramar burauzar da ke cikin manhajar ce take buɗe masa, ita kuwa sau da yawa ba ta iya sauke takarda. Maganinsa ya kwafe adireshin ya buɗe a Chrome. Bugu da ƙari, 'yan'uwanmu na bakin iyaka sun san yadda waya takan saki layin gida ta kama na Nijar ana tsakiyar aiki. Saboda su muka ƙara layin Content-Length, mai faɗin nauyin takarda tun farko, don burauza ta gane in kaya bai cika ba, kada ta miƙa wa mutum rabi a matsayin duka.

Na ƙarshe shi ya fi tsorata mu. Adireshin kowace takarda da lamba yake ƙarewa. Wata rana wani cikinmu ya mai da 41 ta zama 42, sai ga wasiƙar wata ɗaliba, da hotonta, da sunan unguwarsu. Har ila yau, a kwamfutar shago wadda mutane da yawa ke zama a kanta, burauza tana iya ajiye kwafi wanda na baya zai tarar. Tun 2023 Nijeriya take da dokar kare bayanan jama'a, amma ko babu doka wannan amana ce. Yanzu manhaja ba ta sakin takarda sai ta tabbatar mai nema shi ne mai ita, kuma tana umurtar burauza kada ta ajiye kwafi. Sai dai wanda ya sauke takarda a shago, wajibi ne ya share ta kafin ya tashi.

Ga waɗanda za su gaje mu a kwamiti, ga tsarin da muka bar muku. In an kawo ƙara, ku fara tambayar abin da mutum ya gani da idonsa, da irin wayarsa. Ku gwada nauyin takarda ta asali da na wadda ke rumbu da na wadda ta sauka. Inda lamba ta sauya, nan ɓarna take. Ku danna F12 a kwamfuta ku karanta rubutun jikin buhu da kanku, gama gani ya kori ji. Sa'an nan kada ku ce aiki ya gamu don ya yi a ɗakin kwamfuta na jami'a. Ku aika wa wani a Gagarawa mai ƙaramar waya ya gwada tukuna.

Ku kuma 'yan'uwa, in takarda ta ƙi fitowa, kada ku haƙura da "sabis ne". Ku ɗauki hoton allon ku aiko mana kafin ku sake biyan mota. Shi ɗan'uwan namu ya miƙa takardunsa ranar ƙarshe da la'asar, mun kuma roƙe shi gafara, muna sake roƙonsa a gabanku.

Allah ya ba mu sa'ar karatu, ya mai da mu gida lafiya. Wassalamu alaikum.