Jawabi kan shugaban da ya riƙe Amurka a zamanin fatara

Yau maganarmu kan Franklin Roosevelt ce, shugaban Amurka, da yadda ya riƙe ƙasarsa sa'ad da talauci ya faɗa mata.

Tun 1929 kasuwar Amurka ta karye. Bankuna dubbai suka rushe da ajiyar mutane a ciki. Da Roosevelt ya hau mulki ran 4 ga Maris 1933, kusan ma'aikaci ɗaya cikin huɗu ba shi da aikin yi. Cikin wannan watan ne majalisar Jamus, inda zaman banza ya gajiyar da mutane su ma, ta miƙa wa Hitila ikon yin doka shi kaɗai. Ku riƙe wannan.

Roosevelt ya rufe bankuna duka na ƴan kwanaki don a bincika su. Ran 12 ga wata ya shiga rediyo ya bayyana wa jama'a yadda banki ke juya kuɗinsu, sannu-sannu, kamar maigida na hira da iyalinsa bayan isha'i. Da aka buɗe, mutane suka riƙa maido kuɗin da suka ɓoye. Ɗan masu hali ne, amma ya san wahala: ciwo ya kashe masa ƙafafu tun 1921.

Ga abin da ya fi shafar mu. Ya kwashi samari marasa aiki ya kai su daji shuka itatuwa da tare zaizayar ƙasa. Dala 30 a wata, amma 25 iyaye ake aika wa, saurayi bai ko taɓa su ba. Da an yi wa yaranmu na Legas da Abijan haka, da tsofaffi sun huta da jiran saƙo.

Ba duka ya yi daidai ba. Dokar fansho ta 1935 ta bar ƴan ƙodagon gona da barorin gida a waje, da yawansu baƙar fata. A 1937 kuma, da babbar kotu ta dame shi da soke dokokinsa, ya nemi ƙara alƙalai don ta bi shi. Majalisa ta ƙi, har da ƴan jam'iyyarsa. Bai aika soja ba, bai rufe majalisa ba. Aka yi zaɓen 1938 kan lokacinsa, jam'iyyarsa ta rasa kujeru da yawa, ya ci gaba da aiki da waɗanda jama'a suka zaɓo.