Yadda Ruwa da Gishiri Ke Ratsa Tantanin Ƙwayar Halitta: Jawabi a Taron Tsofaffin Ɗalibai

 

Kwamitin shirya taro ya nemi in ce wani abu a kan darasi ɗaya daga cikin waɗanda muka koya a makarantar nan. Na zaɓi wanda yawancinmu muka haddace don jarrabawa kawai, wato yadda abubuwa ke shiga da fita ta tantanin da ya lulluɓe ƙwayar halitta. Malamanmu na bayoloji da ke zaune a nan su yi mini afuwa, yau ɗalibi ne zai karanta a gaban masu allo.

Wannan tantani ninki biyu ne na maiƙo, kaurinsa bai kai kashi ɗaya cikin 100,000 na milimita ba. Iskar oksijin tana ratsa shi da kanta, daga inda ta yi yawa zuwa inda ta yi ƙaranci, kamar yadda turaren wuta ke cika ɗaki. Ruwa kuwa yana bin ɓangaren da gishiri ko sukari ya fi yawa. Wannan shi ne osmosis ɗin da muka gwada da dankali, kuma duk wadda ta taɓa barbaɗa gishiri a kan yankakken tumatir ta ga yadda yake tsatso ruwa. Amma sinadarin sodiyam na cikin gishiri, da sukarin gulukos, ba su iya ratsa maiƙo. Sai ta wasu ƙofofi na furotin. Akwai kuma famfo, wanda Jens Skou na ƙasar Denmak ya gano a 1957, mai cin ƙarfin jiki yana fitar da sodiyam 3 yana shigo da fotashiyam 2. Saboda aikinsa, kullum sodiyam na cikin ƙwayar kaɗan ne, na waje yana neman hanyar shiga.

To, ga inda maganar ta shafi gidajenmu. A jikin hanji akwai wata ƙofa mai sharaɗi: ba ta shigar da sodiyam sai tare da gulukos. Robert Crane ne ya fara bayyana wannan a 1960. Idan cutar kwalara ta kama mutum, dafinta yana sa ƙwayoyin hanji su riƙa tuttuɗo gishiri cikin hanjin, ruwa ya biyo shi, har babban mutum ya iya zubar da kusan lita guda cikin awa ɗaya. Rashin ruwan nan ne ke kisa. Amma cikin ikon Allah dafin ba ya lalata waccan ƙofa. In aka ba majinyaci gishiri da sukari a cikin ruwa, sai su shiga tare, famfo ya tura sodiyam ɗin zuwa wajen jini, ruwa ya bi bayansa.

A 1971, lokacin yaƙin Bangaladesh, kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira a Indiya, ruwan da ake ƙarawa ta jijiya ya ƙare. Wani likita, Dilip Mahalanabis, ya sa aka riƙa haɗa wannan ruwa a cikin durom, 'yan'uwan marasa lafiya suna ba su da kofi. Mace-mace suka sauko daga kusan kashi 30 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 4. Mu kuwa a Nijeriya, a 2021 kaɗai kwalara ta ci rayuka fiye da 3,000, akasari a jihohinmu na Arewa.

Jama'a, awo shi ne komai a nan. In an samu ƙullin ORS na kemis, shi ya fi, a zuba a cikin lita ɗaya na ruwa mai tsabta. In babu, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali, a lita ɗaya. Wanda ya ƙara sukari don yaro ya ji daɗin sha ya juyar da osmosis ɗin: ruwa zai baro jiki ya koma hanji, gudawa ta ƙaru. Dalilin da ya sa lemon kwalba ba ya wannan aiki ke nan. Yawan gishiri kuma haɗari ne ga jariri. Tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ba da shawarar a haɗa wa yara da ƙwayar zink ta kwana 10 zuwa 14.

Abin da ke damuna shi ne, har a gidajen 'yan boko irinmu, ana hana yaro mai gudawa ruwa wai don cikin ya tsaya, ko a raina maganin saboda ba allura ba ne. Gudawar ba za ta tsaya nan take ba don an ba da wannan ruwa, aikinsa mayar da abin da ya zube. A ci gaba da ba shi kaɗan-kaɗan, uwa kuma kada ta daina shayarwa. Idan yaro ya kasa sha, ko amai ya ƙi tsayawa, ko idanunsa suka faɗa ya galabaita, ko aka ga jini a bayan gida, to a garzaya asibiti.

Ina roƙon shugabannin ƙungiya, cikin gudummawar da za mu kai wa ɗakin shan magani na makaranta bana, a sa katan-katan na ORS da zink kafin damina ta sauka.