Ƙafar mota: babba ko ƙarama?

 

Yau zancenmu a kan ƙafar mota yake. Wataƙila ka ce: ni ba ni da mota, ina ruwana? Dakata tukuna. Ranar kasuwa mota kake shiga. In maiɗakinka ta tashi haihuwa da dare, mota za a nema a kai ta likita. Wani ɗansa yaron mota ne, wani ƙanensa yana facin taya a bakin tasha. Ƙaramar mota wuri huɗu kaɗai take taɓa ƙasa, kowane wuri kuwa bai fi tafin hannunka da yawa ba. Ran direba da na fasinja duka a bisa waɗannan wurare huɗu suke. To, ka ɗauko allonka da alli, domin akwai karatu, akwai lissafi.

Ƙafar mota abu biyu ce. Akwai ƙarfen da ke tsakiya, wanda ake ɗaure wa mota da kusoshi. Masu gareji suna ce masa janti. Akwai kuma taya, robar da ke kewaye da shi, wadda ake yi wa iska. In an ce ƙafar mota 15 ce ko 17 ce, girman janti ake nufi. Ana auna shi da inci, wanda ake kira pus da Faransanci. Inci ɗaya milimetir 25,4 ne, wato kamar faɗin babban yatsan hannunka.

Kun sha ganin motocin samari a Yamai da Maraɗi da Damagaram, da manyan janti masu ƙyalli, tayar kuwa siririya kamar an naɗa wa ƙarfen igiya. Tana da kyau a ido, ba musu. Mai sayarwa zai ce maka motar za ta fi tsayawa bisa hanya. Akwai gaskiya cikin maganarsa, amma rabinta ya faɗa maka. Sauran rabin a rubuce yake a jikin tayar, kuma kai da ka iya karatu yanzu kana iya karanta shi da kanka.

Ka durƙusa gefen mota ka duba. Za ka ga lambobi kamar haka. Rubuta su bisa allo:

195/65 R15

Lambar farko, 195, faɗin tayar ne da milimetir. Lambar ƙarshe, 15, girman janti ne da inci. Harafin R yana nuna irin saƙar da ke cikin robar, wadda ake kira radiyal. Kamfanin Michelin na ƙasar Faransa ne ya fito da ita a shekarar 1946, yau kusan kowace ƙaramar mota da ita take tafiya. Lambar tsakiya, 65, ita ce mai wuyar ganewa, ita ce kuma muhimmiya a zancenmu. Ba milimetir ba ce. Tana cewa tsawon gefen tayar, daga bakin janti zuwa inda take taka ƙasa, kashi 65 cikin 100 ne na faɗinta.

Mu yi lissafin tare. 195 sau 65, ya ba da 12675. Raba shi gida 100, ka samu kusan 127. To, gefen tayar milimetir 127 ne. Janti kuwa, 15 sau 25,4, ya ba da 381. Taya tana da gefe a sama, tana da gefe a ƙasa. Sai ka tara: 381 da 127 da 127, jimla 635. Tsawon ƙafar motar ke nan gaba ɗaya, milimetir 635.

Wanda bai gama ba kada ya damu, malamin aji zai sake bi da ku. Yanzu ga waɗansu tayoyi uku da ake samu a motoci masu girman Toyota Corolla. Taya 205/55 R16, gefenta milimetir 113, tsawon ƙafar 632. Taya 225/45 R17, gefenta 101, tsawon ƙafar 634. Taya 225/40 R18, gefenta 90, tsawon ƙafar 637.

Me ka lura? 635, 632, 634, 637. Kusan duka ɗaya ne. Ashe ƙafar da ake cewa babba ba ta fi ƙaramar tsawo ba. Ƙarfen ne ya ƙaru, robar ta ragu. Abin da janti ya ci, daga gefen taya ya ciro shi. Daga 127 zuwa 90, an rasa milimetir 37, kamar faɗin yatsu biyu. Yatsu biyu ba su da yawa a ido, amma bayan fasinja ya san da su.

Ke mai ɗaukar tulu daga rijiya, kin san amfanin gammo. In gammo mai kauri ne, kaya ba ya cin kai. In siriri ne, kowane taki sai kin ji shi har wuya. Gefen taya shi ne gammon mota. In ƙafa ta taka dutse ko ta faɗa rami, robar da iskar da ke ciki su ne suke fara shanye bugun, kafin ya kai ga sifirin, kafin ya kai ga kujera. Taya mai dogon gefe tana lotsawa ta koma. Mai gajeren gefe ba ta da wurin lotsawa, sai ta miƙa bugun ga mota. A hanyar burji mai gargada, bugu ne ɗaya bayan ɗaya har a isa. Tsoho yana ji a ƙugunsa, mai ciki tana ji, marar lafiyar da aka kwantar a baya yana ji. Ita ma motar tana ji: kusoshi suna kwancewa, ƙarafan ƙasa suna saurin lalacewa.

Akwai abin da ya fi rashin jin daɗi muni. In taya mai gajeren gefe ta bugi bakin rami da gudu, robar takan matse tsakanin bakin ramin da bakin janti. Zaren da ke cikinta ya tsinke. Bayan haka sai ka ga kumburi a gefen tayar kamar ƙwan zabo. Wannan kumburi ba ya facuwa. Ko mai faci ya rantse maka zai gyara, kada ka yarda. Tayar da ta yi ƙwai jiran ranarta take yi, kuma takan zaɓi tsakar rana, da zafin kwalta, da kaya cike da mota. In ta gaba ce ta fashe, sitiyari yakan ƙwace wa direba.

To, ina amfanin babban janti? Yana da shi, bai kamata mu ɓoye ba. Taya mai dogon gefe takan ɗan kwanta in an sha kwana da gudu, kamar mutumin da ke tsaye bisa katifa. Direba ya juya sitiyari, motar ta ɗan jinkirta kafin ta bi. Mai gajeren gefe ba ta kwanciya haka, motar tana amsa hannun direba nan take. Kuma tayoyin da ke tafiya da babban janti galibi sun fi faɗi, suna kama busasshiyar kwalta da kyau. Babban janti yana kuma ba da wurin sa babban birki. Shi ya sa motoci masu ƙarfin gudu suke zuwa da shi daga kamfani.

Masu tseren motoci sun fi kowa sanin wannan. A babbar gasar duniya ta tseren da ake kira rali, mota ɗaya ce, direba ɗaya. In za a yi tsere bisa kwalta, sai a sa mata janti 18. In bisa tsakuwa da ƙasa ne, sai a cire, a sa mata 15 da taya mai dogon gefe. Mutanen nan ba kuɗi suka rasa ba, hanya suka duba.

Kai ma hanyarka za ka duba. Babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta bi Doso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙwanni, Maraɗi, Tasawa har Damagaram, yawancinta miƙaƙƙiya ce. Ba ta da yawan kwanar da za ta sa ka ji daɗin gajeren gefe. In ka sauka daga kwalta ka nufi ƙauye kuwa, burji ne, da rairayi, da kwaruruwan da damina take zaizayewa. Yawancin ƙananan motocin da muke saye an fara hawansu a wata ƙasa, wanda ya zaɓa masu ƙafa can bai taɓa bin hanyar kasuwar ƙauyenku ba. A ganina, mai irin motar da muka yi lissafinta, in yana shiga ƙauye ko yana ɗaukar fasinja, 15 ce tasa. In yawancin tafiyarsa cikin gari ne, 16 ba ta da laifi. 17 da 18 sai wanda ba ya rabuwa da kwalta mai kyau, kuma aljihunsa yana iya ɗaukar sauyin taya.

Zancen rairayi ma yana nan. Direbobin da ke bin hanyoyin arewa, wajen Agadas, in sun iso rairayi mai zurfi sukan rage iskar taya. Tayar ta baje, ta taka wuri mai tsawo, motar ta daina nutsewa, kamar yadda tafin raƙumi yake yi. Wannan dabara sai da dogon gefe. Shi ya sa kuke ganin motocin daji irin Land Cruiser da janti 16 da taya mai tsawo. Mai gajeren gefe in ka rage mata iska, janti ne zai sauka ƙasa. Amma a kula: da an koma kwalta a mayar da iska. Tayar da ba ta da isasshiyar iska tana zafi a ciki in ana gudu, zafin nan shi ke fasa ta. Yawan iskar da ya dace a rubuce yake a wata ƴar takarda da ke manne a bakin ƙofar direba, tare da girman tayoyin da kamfani ya yarda da su. A auna iska da safe, kafin taya ta yi zafi.

Wani zai ce: to, in sa babban janti tare da taya mai dogon gefe mana, in samu kyau in samu laushi. Mu gwada bisa allo. Janti 17 milimetir 432 ne. Ƙara 127 sau biyu, ka samu 686. Ƙafar ta fi ta asali da milimetir 51, wato kashi 8 cikin 100. Tayar za ta riƙa gugar jikin mota in an sha kwana ko an yi lodi. Agogon gudu zai yi maka ƙarya: yana nuna 100, kai kuwa kana kan 108. Motar za ta yi nauyin tashi. Masu aikin taya suna cewa kada bambancin tsawo ya wuce kashi 3 cikin 100.

Mai son komawa ƙaramin janti shi ma ya yi hattara. Birki a cikin janti yake zaune. In janti ya yi ƙanƙanta, zai taɓa birkin, ko ya ƙi shiga sam. A ƙirga ramukan kusoshi, huɗu ne ko biyar, a duba ko tazararsu ta yi daidai. Jantin da sai an faɗaɗa raminsa ko an tilasta masa kafin ya zauna, ba na motarka ba ne. Kuma kada a sa taya mai wani girma a dama, mai wani girma a hagu. In an taka birki motar za ta ja gefe ɗaya.

Janti iri biyu ne, na baƙin ƙarfe da na alminiyom. Na alminiyom shi ne mai ƙyalli. Na baƙin ƙarfe in ya bugu yakan lanƙwashe, makaniki ya daddaka shi da guduma ka isa gida. Na alminiyom yakan tsage, tsagaggen janti kuwa ba abin dogara ba ne ko an yi masa walda. Kafin ka sauya, ka tambayi mai sayar da taya na garinku wane girma yake ajiyewa, da kuɗin kowane. In tayarka ta fashe tsakanin Tawa da Madawa, wadda ake samu kusa ita ce za ta fisshe ka.

Saura lambobi biyu. Bayan R15 za ka ga wani abu kamar 91H. 91 yana nufin tayar tana ɗaukar kilo 615, ita kaɗai. In ka ga 88, kilo 560 ne. Kada ka sayi wadda lambarta ta kasa wadda kamfani ya rubuta, balle kai mai lodin buhunan hatsi. H kuwa iyakar gudunta ne, kilometir 210 a awa, wannan bai dame mu ba. Sai ka nemi haruffa DOT, ka bi layin har ƙarshe, za ka ga lambobi huɗu. Tun shekarar 2000 haka ake rubuta ranar da aka yi taya. In ka ga 2319, sati na 23 ne na shekarar 2019. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba, ranarmu kuwa tana gaggauta mata tsufa. Kamfanin Michelin yana cewa tayar da ta yi shekara 5 a riƙa duba ta kowace shekara, wadda ta kai 10 a cire ta ko da zanenta bai goge ba. Mai sayen taya ta hannu, wannan lamba ita zai fara nema kafin ya taya.

Ga aikin gida. Kowa ya nemi mota ɗaya a garinsu, ya gaida mai ita, ya roƙi izini, ya kwafe lambar tayarta cikin littafinsa. Ka fitar da tsawon gefenta da milimetir. Ka nemo shekarar da aka yi ta. Ka duba ko tayoyin huɗu lambarsu ɗaya ce, kada ka manta da ta biyar da ke ajiye a baya. Ku kai wa malamin aji a yi gyara tare.

Sai wani satin, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.