Haruffa Masu Ƙugiya Ba Sa Buƙatar Kwangila

Shugaban taro, malamai, masu shagunan buga takardu, ɗalibai. An ba ni minti arba'in, kuma da yawanku kun san abin da zan faɗa, don na sha faɗarsa a wuraren da ba a so ji ba.

Ba zan ɓata muku lokaci da tarihin kwamfuta ba. Duk wanda ke zaune a ɗakin nan ya san tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, ya kuma ga yadda cibiyoyin koyarwa suka yawaita daga nan Arkilla har cikin garin Sakkwato. Abin da ake koya wa yaro a cikinsu ma kun sani: ya kama maus, ya nemi hoto, ya danna. In kibod ya ƙi ba shi harafin da yake so, ko majigi ya ƙi nuna abin da ke kan allo, sai a aika a kira injiniya. Ni kuwa matsayina bai canja ba. Kibod da allo da maus duk ana saita su da rubutaccen umarni, layi ɗaya ko biyu, kuma malamin da ke riƙe da ɗakin kwamfuta bai iya wannan ba, ajiyar ɗakin kawai aka ba shi.

Bari in fara da inda ya fi yi mini ciwo, wato ƙ da ɗ da ɓ.

Waɗannan haruffa sun zauna a rubutun boko tun shekarun 1930, zamanin da Rupert East ke jagorantar aikin talifi a Zariya, kuma Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939, ta kai su ko'ina. Da tafireta ta zo, sai aka koma ƙara ƙugiyar da biro bayan an gama bugu. Da kwamfuta ta zo, Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar mana da fon ɗin Rabi'at da na Abdalla, kuma Allah ya saka masa da alheri, don ya fitar da mu daga kunya a lokacin da babu wata mafita a hannu. Dabarar ita ce a ari wasu alamomin da ke gefen kibod, a zana musu surar haruffanmu. Kana danna } sai ka ga ƙ, kana danna ] sai ka ga ɗ, kana danna ~ sai ka ga ɓ.

To amma ido ne kawai ke ganin ƙ. A cikin kwamfutar, abin da aka ajiye } ne. Ɗauki kundin digirin da aka buga a haka, ka kai shi wata kwamfutar da ba a saka mata wannan fon ba, ko ka tura shi ta waya. Za ka ga }asa, ka ga ]aya, ka ga ~arawo. Ku buɗe kundayen Hausa da ke yawo a intanet ku gani da idonku, shafi bayan shafi. Ba munin gani ne kaɗai matsalar ba. In ka nemi kalmar ƙasa a cikin wannan kundi, kwamfuta za ta ce maka babu, alhali tana nan sau ɗari. Ba a iya jera kalmominsa bisa tsarin abacada. Manhajar da ke karanta wa makaho rubutu ba za ta gane shi ba. Mai haɗa ƙamus ba zai iya cin moriyarsa ba sai ya zauna ya wanke shi tukuna. Shekarun da ɗalibi ya yi yana tattara waƙoƙi da karin magana a ƙauyukan Wamakko da Kware, duk an kulle su a cikin alamomin da ba Hausa ba.

Abin haushin shi ne maganin ya daɗe. Tsarin Unicode, wanda ke ba kowane harafi na duniya lambarsa, ya fito tun 1991, kuma haruffanmu suna ciki. Lambar ƙ ita ce 0199, ta Ƙ 0198. Ta ɗ 0257, ta Ɗ 018A. Ta ɓ 0253, ta Ɓ 0181. Har ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa, inda mu muke sa 'y, tana da tata, 01B4. Ku rubuta su, ba sa canjawa, ko a Sakkwato ko a Maraɗi ko a Sin. Duk da haka har yau akwai abokan aikina da ke mayar wa ɗalibi da kundinsa don bai yi amfani da tsohon fon ba. Na yi musu magana a ɗakin taro, na yi musu a ƙarƙashin bishiya, yau kuma ga shi ina yi a bainar jama'a.

Yanzu ga yadda ake yi. A kan Linux, in ka buɗe tagar umarni ka rubuta setxkbmap ng hausa, kibod ɗinka ya koma kan tsarin Hausa na Nijeriya da ke zuwa tare da manhajar. Ni dai ban cika son sa ba, don yana sauya wa maɓallai da yawa wuri, wanda hannunsa ya saba sai ya riƙa tuntuɓe. Abin da nake koyarwa ya fi wannan sauƙi. Hausa ba ta amfani da q da x da v. Maɓallai uku ne zaune ba aikin yi, mu kuma haruffa uku ne ba su da mazauni. Sai ka rubuta:

xmodmap -e "keysym q = U0199 U0198"

Daga nan q ta zama ƙ, in ka haɗa da maɓallin manyan haruffa ta ba ka Ƙ. Ka maimaita layin, x ta karɓi U0257 da U018A, v ta karɓi U0253 da U0181. Shi ke nan, layi uku. Harafin da zai fito na gaskiya ne, zai je WhatsApp a ƙ, ya je wurin maɗaba'a a ƙ, ya dawo a ƙ. In za ka rubuta Turanci ko adireshin imel, ka buga setxkbmap us, komai ya koma yadda yake. Masu aikin ajami kuma, irin waɗanda ke zirga-zirga zuwa Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu, setxkbmap ɗin nan dai shi zai haɗa musu kibod na Larabci da na boko, su riƙa sauyawa da maɓalli biyu.

Wani zai ce ai su Windows suke amfani da shi. To Windows ma yana da kibod na Hausa, yana kuma da tasa tagar umarnin, PowerShell, inda Set-WinUserLanguageList ke karɓar ha-Latn-NG. Ba a dai koya muku ba ne.

Allo da maus ba zan daɗe a kansu ba. Kowa a nan ya taɓa zama a taron da aka yi rabin awa ana fama da majigi, babban baƙo na kallon agogo. A Linux, rubuta xrandr kawai, zai lissafo maka duk allon da ke haɗe da sunayensu da girman da kowanne ke iya ɗauka. Sannan xrandr --output HDMI-1 --same-as eDP-1 ya sa bango ya nuna abin da laftof ke nunawa, in dai sunayen da ya ba ka ke nan. In allo na mutuwa ana tsakiyar darasi, xset s off -dpms ya hana shi. Dattijon da idonsa ya yi rauni, a kan Linux mai GNOME akwai gsettings da zai ƙara masa girman rubutu da rabi, ba sai ya manna fuska a gilashi ba. Bahago kuma, wanda tun yana yaro ake dukan hannunsa a kan akushi, bai kamata mu ƙara masa da na maus ba: xmodmap -e "pointer = 3 2 1" ya juya masa maɓallan. Mai kula ya sani cewa sababbin fitowar Ubuntu sun koma tsarin Wayland, inda xmodmap da xrandr ba sa aiki yadda na faɗa. Shi ya sa nake cewa a saka Linux Mint mai Xfce a ɗakunan karatu, a huta.

Za a ce duk wannan ana iya yin sa da maus, ta cikin saituna. Ana iyawa, a kwamfuta ɗaya. Ɗakin da ke da kwamfuta arba'in fa? Za ka bi su ɗaya bayan ɗaya, taga bayan taga, kafin ka kai ta ashirin an ɗauke wuta. Gobe yaro ya taɓa wani abu, ka sake daga farko. In aka yi maka canjin wurin aiki, ilimin ya bi ka, wanda ya gaje ka ya tarar da kango. Rubutaccen umarni kuwa ana zuba shi a fayil guda, a sa masa suna .xprofile, duk lokacin da aka shiga kwamfutar ya karanta kansa. Ana kwafarsa a filashi, ana manna shi a bango, ana tura wa malamin da ke Illela ta waya. Mu da muka tashi a garin da aka san darajar abin da aka rubuta aka ajiye, bai kamata sai an yi mana dogon bayani a kan wannan ba.

Masu cewa baƙar taga tana tsorata yara, ban yarda ba. Yaron da ya haddace lambobin tura kuɗi na banki uku, da tauraro da komai, ba layi ɗaya ne zai gagare shi ba. Malaman ne ke tsoro. Masu cewa kasuwa Windows take nema kuma, ina tuna musu cewa Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma Windows 11 ba ya hawa galibin tsofaffin kwamfutocin kwatano da ke cike da makarantunmu. Na san amsar da za a kawo: a ba da kwangilar sayo sababbi. Na taɓa ganin ɗakin da aka cika da sababbin, aka yanke kyalle, aka yi hoto, kuma babu ko ɗaya a ciki da ke iya rubuta sunan Ɗanfodiyo daidai.

Abin da nake nema ba sabo ba ne. Sassan Hausa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari su daina karɓar kundin da ba a buga da haruffan Unicode ba, su kuma sa ɗalibai su juya tsofaffin da ke ajiye, aikin da umarnin sed ke yi cikin ƙiftawar ido in an fitar da rubutun zalla, sai dai a bi a duba inda baka ta gaskiya take. Masu tsara manhajar karatu su ba tagar umarni mako biyu a zangon farko, kafin yaro ya saba da maus, ko da za a rage darasin zana gida da bishiya a Paint. Duk wanda zai kawo wa gwamnati kwamfuta, kada a sa masa hannu a takardar biya sai ya buga ƙ da ɗ da ɓ da alamar naira a gaban mai karɓa. Ku kuma masu shaguna a nan Arkilla, ba sai kun jira kowa ba. Fayil ɗin yana cikin filashin da ke hannuna, wanda ya zo da laftof ya same ni a bayan ɗaki in an tashi.