Lafiyar Ƙwaƙwalwar Ɗa Tana Farawa Kafin Ciki



Ba zan ɓata muku lokaci da bayanin aikin tayirod ba, kun san shi. Abu ɗaya nake so mu riƙe: sai wajen mako na 18 zuwa 20 tayirod ɗin ɗan tayi ke kama aiki sosai. Kafin nan, ƙwaƙwalwarsa tana ginuwa ne da sinadarin tairoksin da ke zuwa masa daga jinin uwa. In uwa ta rasa, shi ma ya rasa.

A 1999 Dakta Haddow da abokan aikinsa a jihar Maine ta Amurka suka bibiyi 'ya'yan mata 62 masu raunin tayirod. 'Ya'yan mata 48 da ba a yi wa magani ba sun gaza sa'o'insu da maki 7 a gwajin kaifin basira, a shekaru 7 zuwa 9.

Amma hujjar da nake dogara da ita ta girmi wannan. A 1971 Dakta Pharoah ya wallafa binciken da aka yi a kwarin Jimi na Papuwa Niyu Gini, inda ake yawan haihuwar yara kurame, bebaye, masu taɓuwar ƙwaƙwalwa. An raba iyalai gida biyu: wasu aka yi musu allurar mai mai ɗauke da aidin, sinadarin da tayirod ke buƙata, wasu ta ruwan gishiri zalla. Matan da suka sami aidin kafin ɗaukar ciki, 'ya'yansu suka tsira. Waɗanda allurar ta tarar da ciki ya riga ya shiga, a cikin 'ya'yansu ne aka ci gaba da ganin cutar. Magani ɗaya, ƙauyuka ɗaya, lokaci ne kawai ya bambanta.

Na san wasu za su kawo mini binciken Farfesa Lazarus na 2012, wanda ya gwada mata fiye da 21,000 bai ga amfanin maganin tayirod a basirar yara ba. To, yaushe aka fara ba su maganin? Wajen mako na 13. Da sanyin safiya ake kama fara.

Mu kuwa a nan, mace sai ciki ya kai wata biyar take zuwa awo. Jami'ai kuma suna ta tunƙaho da shaidar da Najeriya ta samu a 2005 kan saka aidin a gishiri. Su zagaya kasuwannin ƙauye su ga gishiri a buɗe cikin kwano, rana da raɓa suna cinye aidin ɗin. Ga kuma gero, abincinmu na kullum, wanda bincike a Darfur ya danganta yawan cinsa da maƙoƙo inda aidin ya yi ƙaranci.

Ga shawarata. Hukumar NAFDAC ta riƙa gwada gishiri a kasuwa, ba a masana'anta kaɗai ba. A saka duba maƙoƙo cikin gwajin kafin aure. Duk mace mai maƙoƙo, ko mai yawan ɓari, a auna mata tayirod tun ba ta yi ciki ba. Ungozomomi su sanar da mata cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade wa mai ciki maikurogiram 250 na aidin kullum.

Abokan aiki, mu daina jiran mace a ɗakin awo. Mu same ta tun tana amarya.