Jawabin ofishin kariya: yadda ake shiga bas a gundumar King, Amurka

Tun farko mu faɗa: sauraron wannan bayani ba ya nufin sunan kowa ya fito a jerin masu tafiya. Kuma ba a biyan ko sisi don sake tsugunarwa. Duk wanda ya nemi kuɗinku da wannan sunan, ku kawo mana labarinsa.

Wasunku sun tambaye mu yadda mutum zai yi zirga-zirga a can alhali ba shi da mota. Mun ɗauki misalin gundumar King, inda birnin Seattle yake, domin 'yan gudun hijira da yawa na zaune a garuruwanta kamar Tukwila da Kent. Gwamnatin gundumar ce ke da motocin bas ɗin, ƙarƙashin hukumar King County Metro.

Mu nan mun saba sai mota ta cika take tashi, ɗan kamasho yana ta kiran fasinja. Can agogo ne ke tayar da ita, ko da mutum biyu ne a ciki. In ka makara da minti ɗaya sai jiran ta gaba, kuma ranar Lahadi wasu layukan ba su da motoci da yawa. Wannan makarar tana iya sa ka rasa ganin likita, ko ta ɓata ka da mai gidan aikinka tun makon farko. Babu kwandasta, babu ciniki. Direba ba ya ba da canji, kuma ba ya tsayawa sai a wurin da aka kafa alama. In ka kusa sauka, ka ja igiyar da ke jikin taga.

Akwai katin biya mai suna ORCA. Masu ƙaramin ƙarfi suna iya neman ORCA LIFT, su biya dala 1, alhali kuɗin babba ya ninka haka fiye da sau biyu. Da katin, in ka canja mota cikin awa biyu, kuɗin farko yana nan a lissafinka. Tun Satumba 2022, yara 'yan shekara 18 zuwa ƙasa kyauta suke shiga.

Iyayenmu mata, maza da mata a haɗe ake zama. Kujerun gaba na tsofaffi ne da naƙasassu. In wani ya dame ki, ki matsa kusa da direba ki sanar da shi. In abin ya yi tsanani, a kira 911. Kowane yaro ya riƙe adireshin gida a rubuce cikin aljihu.

Mai sauran tambaya ya same mu a ofis, akwai mace mai fassara.